An yanke gefen harshena, kuma ga ni ina magana

Ni malamar Islamiyya ce. A gidan allo na tashi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da almajirai a zaure, mu 'ya'yansa mata muna daga cikin gida da allunanmu muna jiyo muryarsa. Bayan aure na shiga makarantar matan aure na koyi tajwidi, daga baya aka ba ni aji. Da safe yara, bayan la'asar iyayensu mata. Da baki nake aiki, da shi aka san ni a unguwa, shi ya sa ranar da likita ya ambaci yanka a harshena na ji kamar ƙasa ta tsage.

Abin ya faro ne da wani ɗan fari-fari a gefen harshe na hagu, can ciki daura da haƙoran tauna. Ba ya ciwo. Akwai wani haƙori da ya ɓalle a wurin yana gogar harshen, kowa ya ce shi ne. Da ya fashe ya zama gyambo, mai kemis ya ba ni maganin kurkure baki da na shafawa. Inna ta ce zafi ne, ta jiƙa mini bagaruwa, ta haɗa da zuma. Yakan yi kamar zai lafa, sai ya dawo. Yaji ya gagare ni. Daga nan kunnena na hagu ya fara sara, musamman da dare, kuma saboda kunnen ne ma na je asibiti. Likitan ya leƙa kunne ya ce lafiya lau yake, sannan ya ce in buɗe baki. Ashe ciwon harshe yana iya bin jijiya ya bayyana a kunne.

Ya tura ni asibitin koyarwa, sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Likitan da na samu a can dattijo ne mai sanyin magana. Ya naɗe harshena da ɗan bandeji, ya jawo shi waje, ya juya shi gefe, ya sa yatsa yana latsa bakin gyambon. Ya daɗe yana latsawa. Sai ya zaga bayana ya bi wuyana da yatsunsa tun daga ƙarƙashin haɓa har ƙashin wuya. Ya tambaye ni ko ina shan taba, ko ina sa garin taba a baki, ko wani abu mai sa maye. Na ce ban taɓa ba. Ya ce: "Malama, taba da giya su ne manyan masu kawo wannan ciwo, amma muna ganinsa a jikin waɗanda ba su taɓa kusantar su ba. Duk gyambon bakin da ya wuce mako 3 bai warke ba, ba na kemis ba ne kuma, namu ne." Nawa kuwa ya yi watanni.

Aka yi mini allurar kashe zafi a harshen, aka yanki 'yar tsoka aka kai gwaji. Da sakamakon ya fito, bai raba gardama ba. Takardar ta ce ƙwayoyin halittar wurin sun sauya kama sosai, amma ba a ga tabbacin daji a abin da aka yanka ba. Malam, mijina, ya yi hamdala da ƙarfi. Likitan bai saki fuska ba. Ya ce abin da yatsansa ya ji ya fi abin da takarda ta faɗa, domin wurin yana da tauri har ciki, kuma 'yar tsokar da aka ɗiba daga sama tana iya kuskure abin da ke ƙasa. Ya shimfiɗa mana hanyoyi: a sake yankar wata tsokar, ko a zuba ido ana dubawa, ko a cire wurin gaba ɗaya tare da lafiyayyen nama kamar santimita 1 a kewaye, a kai duka gwaji. Ya ce shi na ƙarshen ya fi kwanta masa. Kamar doya ce da ta fara ruɓewa, in ji shi, ba a tsayawa daidai kan baƙin, sai an haɗa da fari.

Wannan zaman na "wataƙila" ya fi duk abin da ya biyo baya cin raina. Da an ce mini daji ne, da na san abin da nake fuskanta. Amma a rage mini harshe a kan abin da mai yiwuwa ba shi ba ne?

Gida kuwa ya rabu biyu. Goggo ta zo takanas daga ƙauye, ta zauna a bakin gadona ta ce: "'Yar nan, daji ba ya son ƙarfe. Ana taɓa shi da wuƙa ko allura ya bazu. Kin manta mijin ƙanwata? Suna yanka shi bai yi wata uku ba." Yaya ya samo wani mai magani da aka ce ya warkar da mutane da dama. Ba wanda ya zo da mugun nufi, duk ƙauna ce ta kawo su, kuma har yau ina ganin girmansu. Sai dai ni na san mutumin da Goggo take magana a kai. Ya fi shekara yana fama da ƙulli ana jiƙe-jiƙe, sai da ya fashe yana wari aka kai shi asibiti. Daga baya na ga irinsa da yawa a layin asibiti, na fahimci inda wannan magana ta samo ƙarfinta. Mutum ba ya zuwa sai ciwo ya gama cin jiki, a yi abin da za a iya, ya rasu, sai a ɗora wa wuƙa. Na bayansa ya ji labari ya ƙara jinkiri, shi ma ya zo a makare.

Malam bai matsa mini ba. Cewa ya yi: "Harshenki ne, Malama. Ki yi istihara. Duk abin da kika zaɓa ina bayanki." Na yi. Na kuma tuna hadisin da nake karantar da mata, cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Ban ga inda aka ce maganin ba zai zo ta hannun likitan tiyata ba. Na sa hannu a takarda.

Da na farfaɗo daga allurar barci, bakina a cike yake da wani abu mai nauyi, wai harshena ne ya kumbura. Roba ta bi ta hancina zuwa ciki, ta nan ake ɗura mini kunu da madara da sirinji. Yawu yana zuba ban iya haɗiye shi ba. 'Yata ta fari ta kawo littafin rubutu da biro, da su nake magana. An yi sa'a abin da aka cire bai kai a yi ciko ba, an haɗe wurin an ɗinke. Likitan ya riga ya gaya mini cewa idan yankan ya yi girma, akan ɗebo fata daga hannu tare da jijiyoyin jininta a dasa a harshe. Da kumburin ya saɓe na duba madubi, harshen ya sirance ya karkata hagu.

Sakamako na biyu ya zo da amsa: daji ne, irin wanda ke tasowa daga fatar da ta shimfiɗe cikin baki, wanda shi ne kusan 9 cikin 10 na dajin baki. Ban yi kuka a ofishin ba, sai da muka shiga mota. Amma a cikin kukan akwai wata natsuwa, domin abin yana cikin kwalba a ɗakin gwaji, ba ya bakina. Likitan ya bi takardar da mu layi-layi. Gefen naman da aka yanka ya fita tsaf, akwai fiye da milimita 5 tsakanin ciwon da bakin yanka, kuma abin da ake nema ke nan. Abu biyu ne ba su yi masa daɗi ba. Ciwon ya nutsa cikin harshe milimita 7, sannan an ga ya fara bin wata 'yar jijiya.

Sai ya ce yana so ya buɗe wuyana.

A nan na tirje. An yi mini hoton wuya, bai nuna komai ba. Shi da kansa ya lalube bai ji ƙulli ba. Ɗinkin baki ma bai gama warkewa ba, a ce in koma tiyata a kan wurin da yake lafiya? Na ce masa: "Likita, na ba da harshe. Wuyan kuma me ya yi?" Ya ja kujera ya matso, ya ɗauki takarda ya zana mini. Ya ce a wuya akwai ƙwayoyin kaluluwa jere, su ne zangon farko da dajin harshe yake sauka idan ya tashi tafiya. Idan zurfinsa ya wuce milimita 4, zai yiwu ƙwarai ya riga ya aika 'yan ƙwayoyi can, ƙanana da hoto ba ya gani, yatsa ba ya ji. Ya ce likitoci sun daɗe suna jayayya a kan ko a cire tun da wuri ko a jira sai ƙulli ya fito, har aka yi wani babban bincike a asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya, aka fitar da shi a 2015. An raba masu ƙaramin dajin baki gida biyu. Waɗanda aka cire wa kaluluwa tun farko, 80 cikin 100 suna raye bayan shekara 3. Waɗanda aka jira, 67.5 cikin 100. Kuma cikin waɗanda aka buɗe wuyansu alhali ba a ga komai ba, kusan 3 cikin 10 an tarar ciwon ya riga ya isa.

Na koma gida da wannan lissafi. Abin da ya tsaya mini shi ne, 7 cikin 10 an yanka su ne a kan babu. Na kwana ina juya shi. Ƙanena da ya karanta takardun ya ce: "Yaya, ba wanda ya san a wane gida kike sai an buɗe." Na dubi autana da bai gama firamare ba. Na ce a yi.

Tabon ya faro daga bayan kunne ya gangaro ya lanƙwasa zuwa ƙarƙashin haɓa. Na tashi da wata roba tana zuƙe ruwa daga wuyan zuwa cikin 'yar gora. Fatar kunnena ta mutu, ko an taɓa ba na ji. Kafaɗar hagu ta yi nauyi, ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali ya zama aiki, domin jijiyar da ke motsa kafaɗa ta nan take wucewa. Da sakamako ya fito, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da aka cire tana ɗauke da ciwon. Goggo tana gidan a ranar. Da aka yi mata bayani ta yi shiru, can ta ce: "Allah ya sa an yi a sa'a." Tun daga ranar ita ce mai dama mini kunu.

Na zaci an gama. Aka tura mu wurin likitar daji, wata mata mai gilashi da ba ta ɓoye magana. Ta ce abin da ya rage zaɓi ne tsakanin abu uku: a tsaya haka ana bibiya, ko a yi gashi da na'urar haske, ko a haɗa gashin da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗurawa ta jijiya. Ta ce akwai abu biyu da idan an ga ɗayansu ake ƙara kemo: idan an tarar da ciwo a bakin yanka, ko idan ya fasa bawon kaluluwa ya fito. Ni ba ni da ko ɗaya, don haka ba ta ga dalilin ɗora mini maganin da ke iya taɓa ƙoda da ji ba. Amma kaluluwa ɗaya ta kamu, ga zurfi, ga bin jijiya. Waɗannan idan suka haɗu, ta ce, barin gashi ganganci ne. Kuma ana so a fara cikin mako 6 da yin tiyata. Ina rubuta wannan dalla-dalla ne saboda na ga mutane suna kwatanta maganinsu da na maƙwabcin gado, suna cewa an ba wancan kemo ni an hana ni. Takardar gwajin kowa ce ke yanke masa hanya.

Samun gashin wani yaƙi ne na daban. Na'urorin ba su da yawa a ƙasar nan, kuma inda aka fara tura mu layi ya yi tsawon da mako 6 zai wuce ba a zo kaina ba. Muka nufi Abuja. Na sayar da 'yan kunne da sarƙar da na gada, Malam ya sayar da filin da yake tanadin gini. Ɗalibaina matan aure suka yi karo-karo, suka aiko da kuɗi ƙulle a leda, har da 'yan canji. Wata 'yar'uwarmu a Suleja ta ba mu ɗaki, daga nan muke sammako.

Kafin a fara sai da likitan haƙori ya duba bakin duka ya cire wancan ɓallallen haƙori da wani da ya ruɓe, domin ƙashin muƙamuƙin da aka gasa ba ya warkewa da sauƙi idan aka cire haƙori daga baya. Sannan aka yi mini abin rufe fuska. Wata roba ce mai huji-huji, a jiƙa ta a ruwan ɗumi ta yi laushi, a shimfiɗa a fuska da wuya har kafaɗa, ta sandare da siffar mutum. Kullum da ita ake ɗaure kaina a jikin gado don kada in motsa. Zama 30 ne, Litinin zuwa Juma'a, mako 6. Kowa ya fita, a rufe ƙofa mai kauri, na'ura ta yi ta zagaya kaina tana ƙara. Ba zafi, ba a jin komai. A ƙarƙashin robar nan nake karanta addu'ar Annabi Musa a zuci, ta cikin suratu Ɗaha, inda yake roƙon Allah ya buɗa ƙirjinsa, ya sauƙaƙa lamarinsa, ya warware ƙullin harshensa.

Mako biyun farko na ce ashe abin da sauƙi. A na uku bakin ya saluɓe. Ko ruwa na kurɓa sai hawaye. Ɗanɗano ya tafi gaba ɗaya, sukari da gishiri duk ɗaya. Yawu ya yi kauri yana naɗewa a maƙogwaro, da dare in tashi ina kakari. Fatar wuya ta yi baƙi ta fara saɓulewa, na koma sa mayafin auduga mai laushi. Aka mayar mini da robar hanci saboda na rame, aka rubuta mini maganin ciwo mai ƙarfi na sha, ana ta kurkure baki da ruwan gishiri da sodar girki. Wata safiya na ce wa Malam ba zan je ba, a bar ni haka. Bai yi mini faɗa ba. Ya durƙusa ya sa mini takalmi da hannunsa, ya ce: "Yau kaɗai za ki je, Malama. Gobe ma yi maganar gobe." Likitar ta sha gaya mana cewa tsallake kwanaki yana ba ragowar ciwon damar farfaɗowa. Haka muka yi ta yin "yau kaɗai" har aka kai ƙarshe.

A layin nan na saba da wata baiwar Allah, ba ta kai ni shekaru ba. Ita ma a harshe nata ya fara. An yanki tsoka an tabbatar mata, aka sa ranar tiyata, danginta suka ɗauke ta suka tafi da ita gida. Da ta dawo ƙulli ya cika wuya, harshen ya kafe ba ya motsi, tiyata ta wuce. Gashin da ake mata na rage raɗaɗi ne. Takan riƙe hannuna mu zauna, ba mai iya magana a cikinmu. Kafin in gama aka daina kawo ta.

Komawa aji ya ɗauki lokaci. Maganata ta dawo, amma ba irin ta da ba. "Ra" ta ƙi kaɗawa, "sa" da "tsa" suna fita da iska. Abin da ya fi sa ni kuka shi ne lodi, wato harafin ض. Duk wanda ya yi tajwidi ya san daga gefen harshe take fita, inda yake haɗuwa da haƙoran tauna na sama, kuma malamai sun ce ta hagu ta fi sauƙi. Hagun ce babu. Ga ta kuma a ƙarshen Fatiha har sau biyu, kowace raka'a sai na gamu da ita. Ni da nake gyara wa mata wannan harafi, na koma zama da madubi ina koyon fitar da shi ta dama. Ranar da na fara komawa makaranta na karanta musu Fatiha, murya tana rawa. Wata tsohuwa cikin ɗalibaina, wadda ta fara karatu da furfura, ta ce: "Malama, ba ke kika ce mana mai karatu yana in'ina yana shan wuya lada biyu gare shi ba?" Yanzu ajin yara na bar wa wata, domin ɗaga murya yana gajiyar da ni. Na riƙe na matan aure.

Akwai abubuwan da suka zauna. Bakina a bushe yake, gorar ruwa ba ta barin jakata. Tuwo ba ya wucewa sai da miyar kuɓewa ko ta kuka mai yauƙi, ƙosai da gurasa sai an jiƙa. Ɗanɗano ya dawo, yaji dai har yau ban koma masa ba. Kullum ina gwada buɗe baki in ga yatsu uku sun shiga a tsaye, saboda gashi yana sa muƙamuƙi ya ɗaure. Gwajin jini ya nuna maƙoƙon wuyana ya yi rauni, shi ma aikin gashi ne, ina shan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Azumin farko bayan magani ban iya ba, na tambayi likita na tambayi malamai, na sha na rama a lokacin sanyi.

Bibiya kuwa ba ta ƙare ba. A shekarar farko kusan kowane wata ake ganina, a ta biyu aka ƙara tazara, yanzu sai bayan wata 4 zuwa 6, kuma za a ci gaba har shekara 5 da bayanta. An gaya mini idan ciwon zai dawo ya fi dawowa cikin shekara 2 na farko. Na wuce su, alhamdu lillahi, amma duk daren da zan wayi gari in je asibiti ba na barcin kirki. Sau ɗaya aka ga wani fari a kusa da tabon, aka sake yanka aka gwada, ya fito ba komai.

Tun da labarina ya bazu a unguwa, mata suke zuwa su buɗe mini baki in duba. Nakan ce musu ni ba likita ba ce, in tambayi tsawon lokacin da abin ya yi, in kwatanta musu sashen da za su je. Kwanan baya wata ɗalibata ta tsaya bayan an tashi, ta ce maigidanta yana sa garin taba a baki shekara da shekaru, yanzu wani ja-ja ya fito masa a ƙarƙashin harshe tun kafin babbar salla, yana jini idan ya yi asuwaki. Ta yi ta fama ya ƙi asibiti, ya ce ba a taɓa irin wannan da ƙarfe. Ni ba zan iya zuwa in same shi ba. Na gaya wa Malam, ya ce zai bi ta shagonsa ranar Asabar, zai tafi masa da takarduna duka.